Daga filin jirgin Garwa zuwa na Salak: nisan sama, nisan ƙasa, da abin da zai fi wa Hajiya sauƙi

Wani ɗan'uwa mazaunin unguwar Domayo a Marwa, arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Mahaifiyarsa tana cikin alhazan bana, jirginsu kuma a Garwa zai sauka. Ya ce ya duba waya don ya san nisan da ke tsakanin filin jirgin Garwa da na Salak, wato filin jirgin Marwa, sai ya ci karo da lambobi har biyar, 85 da 98 da 158 da 190 da 210, ya rasa wadda zai kama. Yana so ya san ta gaskiya, ya kuma san ko ya saya wa Hajiya tikitin wani jirgin da zai ƙarasa da ita Marwa, ko ya je da mota ya ɗauko ta.

Malam, Allah Ya karɓi ibadarsu, Ya dawo mana da su lafiya. Tsakanin filayen biyu, a miƙe ta sama, kusan kilomita 158 ne. Ta kwalta kuwa, daga ƙofar wannan fili zuwa ƙofar wancan, kusan kilomita 190 ne. Shawarata kuma ka je da mota, sai dai idan jikin Hajiya ba zai jure zama ba, zan kuma zo kan wannan.

Duk lambobin nan biyar babu ta ƙarya a ciki, ma'aunin ne ya bambanta. 158 kilomita ne. Wannan nisan dai, idan aka auna shi da mil irin na Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya yake kilomita 1.609, sai ya zama 98. Matuƙan jirgin sama da na ruwa suna da nasu mil ɗin mai tsawon kilomita 1.852, da shi kuma nisan ya zama 85. Saboda haka uku daga cikin lambobinka abu guda suke faɗa. Kana iya gwada lissafin da kanka. Filin Garwa yana wajen digiri 9.34 arewa da 13.37 gabas, na Salak yana wajen 10.45 arewa da 14.26 gabas. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, to Salak ya fi Garwa hawa arewa da kusan kilomita 124, ya kuma fi shi matsawa gabas da kusan 97. Layin da ya ratsa tsakaninsu a karkace shi ne ya ba da 158 ɗin nan.

Sauran biyun na mota ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. 210 nisan gari da gari ne, daga tsakiyar Garwa zuwa tsakiyar Marwa. Filin jirgin Marwa ba a cikin gari yake ba. Yana Salak, kusan kilomita 20 kafin ka shiga Marwa idan daga kudu ka fito, a gefen wannan babbar hanyar da ta taso daga Garwa. Shi kuwa filin Garwa a jikin gari yake, 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiya. Cire 20 daga 210, ka samu 190. A tikiti za ka ga an rubuta Garoua da GOU, Maroua kuma da MVR, ka riƙe waɗannan haruffa don kada a haɗa maka da Garoua-Boulaï da ke can yankin Gabas kusa da iyakar Afirka ta Tsakiya, wani gari ne daban mai nisan gaske. Abin da ya shafe ka kai mazaunin Domayo shi ne 210, domin Hajiya ba a Salak za ta kwana ba. Ko da jirgi ta zo, kilomita 20 na mota suna jiran ta.

Jirgi ma ba ya bin 158 ɗin nan daidai. Titin jirgin Garwa, mai tsawon fiye da kilomita uku, a kwance yake gabas da yamma. Marwa kuwa arewa maso gabas take da Garwa. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, to ranar da iska ta sa aka tashi ta yamma, sai matuƙi ya ba Marwa baya tukuna, ya hau, ya yi kwana, sannan ya kama hanya. A Salak ma haka, titinsu na mita 2,100 yana da tasa fuskar, dole jirgi ya zagayo ya daidaita da shi tun daga nesa. Idan kuma akwai hadari a gaba, sai an kauce masa. Da wannan da wancan, abin da jirgi yake ci a zahiri yakan matso kusa da nisan mota.

Gudun da ake faɗa wa mutane ma ba ya samuwa a gajeriyar tafiya irin wannan. Jirgi mai farfela irin Q400 yana iya wuce kilomita 600 a awa, amma sai ya hau sama sosai ya miƙe. A nan kuwa kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Matuƙa suna da ƙa'idar da suke lissafi da ita: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar mil uku nasu. Jirgin da ya kai ƙafa 15,000 yana buƙatar mil 45, wato kilomita 83, don ya sauko a hankali, ka ga fiye da rabin hanyar ke nan ya tafi a gangara. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma a yawancin wurare ba a yarda jirgi ya wuce kusan kilomita 460 a awa ba. Idan ka haɗa duka, zama a sama yakan kama minti 25 zuwa 30, daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta kuma kusan minti 40.

Minti 40 na jirgi a gefe guda, awa uku da rabi na mota a ɗaya gefen. Wanda ya tsaya a nan zai ce jirgi ya yi nasara, kuma ina ganin abin da ya ja hankalinka ke nan, don kana tausayin Hajiya. Amma ka lissafa daga lokacin da ta fito da kayanta a Garwa zuwa lokacin da ta sa ƙafa a tsakar gida. Jirgin cikin gida yana so fasinja ya iso da awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, a auna kaya, a duba takardu, a bi layin bincike. Sai minti 40 na tafiya. Sai jiran kaya a Salak, a ce rabin awa. Sai lodi a mota da shiga gari, wani rabin awan. Ka riga ka kai awa uku da rabi, kuma wannan idan komai ya tafi daidai, idan kuma an yi sa'a jirgin Marwa yana tsaye yana jiran saukar alhazai. Ba haka abin yake ba. Jirgin yana da nasa lokacin, mai yiwuwa da yamma, mai yiwuwa gobe ko jibi. Camair-Co, kamfanin jiragen sama na ƙasa da ya fara aiki a 2011, jiragensa na arewa an tsara su ne don haɗa mu da Yawunde da Duwala. Tsakanin Garwa da Marwa, idan ka samu, yawanci guntun zango ne na doguwar tafiya, kuma jadawali yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci. Kafin ka sa rai, ka je ofishinsu ka tambaya ko akwai wannan zangon a ranar da kake so.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne jirgin alhazai ne. Na yi aikin yanka tikiti da tarbar fasinja, na kuma ga yadda ranar dawowa take. Lokacin da aka sanar a Jidda ko Madina yakan motsa da awanni, wani lokaci da kwana guda, saboda filayen can a cike suke da jiragen duniya duka a mako ɗaya. Jirgin ya sauka kuma ba a gama ba. Ɗaruruwan mutane ne a lokaci guda, yawancinsu dattawa, a bi layin fasfo, sannan a tsaya gaban bel ɗin kaya inda jakunkuna iri ɗaya masu launi ɗaya suke ta zagayawa, kowa yana sunkuyawa yana neman ƙyallen da ya ɗaura a hannun tasa. Ruwan zamzam ma sau da yawa daban ake fito da shi. Awa biyu suna iya shigewa a nan ba ka sani ba. Tikitin da ka saya na Marwa kuwa daban yake da na Hajji, babu abin da ya haɗa su. Idan ta makara, jirgi ya tafi, kuɗinka ya shiga hatsari, Hajiya kuma tana zaune a kan benci da kayanta. Ga batun nauyi: kilon da aka yarda wa alhaji ya ɗauko daga Saudiyya ya fi abin da tikitin cikin gida yake bayarwa, abin da ya haura sai ka biya, ƙaramin jirgi ma yana iya barin wata jaka sai wani zuwan. Mota ba ta da wannan matsalar. Ta jira ku ko da jirgi ya makara, ta kwashe komai a tashi ɗaya.

Tikitin ma da tsada idan ka raba shi da kilomita. Mafi yawan man da jirgi yake sha a gajeren zango wajen tashi da hawa yake tafiya, kuɗin sauka da na hidimar fili kuma ba ruwansu da ko kilomita 150 aka yi ko 1,000.

Hanyar kai ka san ta, amma bari in bi ta da idon wanda ya ɗauko tsohuwa da ta gaji. Babbar hanyar ƙasa ce mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta bi Ngaundere da Garwa da Marwa har Kusiri. Da ka fita Garwa, tsaunin Tingilin mai shimfiɗaɗɗen kai yana gefenka, kusan kilomita 15 kuma ka iso Pitowa. Idan ranar Lahadi ce, ka sa haƙuri, ranar kasuwarsu ce: babura ɗauke da buhuna, masu jan awaki, amalanke, mata da ƙwarya a ka, duk a bakin kwalta, mota sai dai ta bi a hankali. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Figil, wajen kilomita 90 daga Garwa, inda masana'antar siminti ta Cimencam take. Za ka gane ka iso tun kafin ka ga allo, saboda farar ƙurar da ta kwanta a kan itatuwa da manyan motocin da suka yi layi a gefen hanya. Nan ne wurin tsayawarku. Kusan rabin tafiya ne, akwai masallaci, akwai ruwa da abinci. Hajiya ta sauko ta taka ƙasa, ta yi alwala, ta miƙe ƙafa. Wanda ya yi awa huɗu da wani abu a jirgi daga Saudiyya, tafiyar kusan kilomita 3,000, ƙafarsa takan kumbura, zaman mota ba hutawa kuma yana ƙara abin. Minti 20 na tsayawa ba asara ba ne. Tafiyar kuma ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, wannan sauƙi ne da addini ya ba ta.

Bayan Figil sai Bidzar mai duwatsun da mutanen dauri suka yi wa zane, sannan ka bar yankin Arewa ka shiga Arewa Mai Nisa ta wajen Muturwa da mararrabar Magada, inda hanyar Kaele da Yagwa ta rabu. Daga nan ƙasa ta buɗe, sai gonakin dawa da auduga har Salak, filin jirgi ya wuce ta gefenka, ka shiga Marwa. Babu wani hawa mai wahala a hanyar. Garwa tana ƙasa a kwarin Binuwai, filinta kusan mita 240 sama da teku, Salak kuma wajen 420, hawan da ba za ka ji shi ba a tsawon kilomita 190. Wannan ne ma ya sa nisan mota bai fi na sama da yawa ba, kashi ɗaya cikin biyar kawai ya ƙaru.

Abin da yake cin lokaci ba kwana-kwana ba ne. Manyan motoci ne masu kai kaya Arewa Mai Nisa da Chadi, da na siminti, da na auduga a lokacinta, da ramukan da suke buɗewa bayan kowace damina, da tudun rage gudu a kowane ƙauye, da shingen jandarmomi da 'yan sanda, da wurin biyan kuɗin hanya, sefa 500 kowane shinge. Direba mai hankali yakan tashi da matsakaicin gudun kilomita 60 zuwa 65 a awa idan an haɗa duka, wato awa uku zuwa Salak, uku da rabi zuwa gida. Motar ajans, wato ta kamfanin ɗaukar fasinja, takan kai huɗu saboda sauke fasinja da ɗauka. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, fasfon Hajiya kuma kada a cusa shi cikin jakar da aka ɗaure a saman mota.

Roƙona ɗaya gare ka, kada ku yi tafiyar nan da dare. Idan jirgi ya sauka bayan la'asar, kafin a gama da kaya magariba ta yi, to ku kwana a Garwa ku tashi bayan asuba. Haɗarin dare a wannan hanya sananne ne: babbar mota ta lalace an bar ta a kan kwalta babu fitila sai 'yan rassan itace da aka jera a baya, babur ba wuta, shanu suna tsallakawa, ga direban da ya wuni a filin jirgi yana jira, barci yana fizgarsa. Na san gida za a cika, 'yan'uwa sun yi girki suna jiran Hajiya, waya kuma ba za ta daina ƙara ba. Ka gaya musu tun yanzu cewa ranar isowa Marwa tana iya zama washegari, don kada matsin su ya sa ka hau hanya cikin duhu. Ka nemi masaukin Garwa tun kafin ranar, ko gidan dangi ko otal, domin makon dawowar alhazai gari yakan cika.

A shekarun nan dawowar alhazai tana faɗawa farkon damina, kuma wannan ya shafi hanyoyin biyu. Hadarin yankinmu yawanci da yamma yake haɗuwa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Jirgi ba ya sauka cikinsa, ko ya jira a ƙasa ko ya yi ta zagaye ko ya juya wani filin. Mota kuwa sai ta rage gudu ko ta fake minti talatin, ruwa ya wuce a ci gaba. Tafiyar safe ta fi kauce wa duka. Masu tafiya tsakanin Disamba da Fabrairu kuma nasu abokin gabar hazo ne, ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ranar da ta yi kauri, matuƙi ba ya ganin titi daga nisan da doka ta ce, jirage su yi ta jinkiri, alhali mota tana tafiyarta da fitila a kunne.

Kuɗin mota ma ka iya lissafa shi. Zuwa da dawowa daga Marwa kilomita 420 ne. Ƙaramar mota da kaya da na'urar sanyaya a kunne za ta sha wajen lita 40, a farashin sefa 840 da aka sa wa lita a Fabrairun 2024 ya kama kusan 33,600, sai kuɗin hanya da na abinci. Da wannan ka ɗauko Hajiya da kayanta da wanda zai kula da ita a kujerar baya, zai fi kyau mace, 'yarta ko ƙanwarta. Ka sha mai a gidan mai kafin ka tashi, kada ka dogara da na kwalba a bakin hanya a tafiyar da ba ka son mota ta tsaya. A duba taya da birki da ruwan inji kwana biyu kafin ranar.

Kada ka ɗauka jirgi nake kushewa. Akwai inda babu mai haɗa shi da mota. Garwa zuwa Yawunde ta sama wajen kilomita 650 ne, awa ɗaya da 'yan mintoci, ta ƙasa kuwa ya haura 1,000, kwana ake yi a hanya ko a bi Ngaundere a hau jirgin ƙasa na dare. Garwa zuwa Ngaundere ta sama kusan 220 ne, ta ƙasa kusan 275, ga hawan dutsen Mbe inda manyan motoci suke rarrafe, domin Ngaundere tana sama da mita 1,000. Salak zuwa Injamena ta sama kusan 205 ne kawai, amma ta ƙasa sai ka shiga Marwa, ka yi 60 zuwa Mora, ka yi wasu 205 ta Waza da Dabanga zuwa Kusiri, hanyar da ta daɗe tana wahalar da direbobi, ga batun tsaro, ga tsallaka gadar Ngeli da binciken iyaka. A irin waɗannan, bambancin awanni ne masu yawa. Garwa da Marwa kuwa sun yi kusa da juna, hanyar kuma miƙaƙƙiya ce, har jiran da ake yi a filin jirgi ya cinye duk abin da gudun jirgin ya rage.

Inda zan ce ka nemi jirgi shi ne idan Hajiya ta dawo da ciwon baya ko na ƙugu mai tsanani, ko wata lalurar da girgizar mota ta awa uku za ta tsananta. A wannan halin ma kada ka haɗa tikitin da ranar saukarta. Ka bar ta ta huta kwana ɗaya ko biyu a Garwa, likita ya duba ta idan da buƙata, ka sayi tikitin da ake iya canza masa rana, ka tura manyan jakunkuna da zamzam ta mota su riga ta isa. Wajen yankan tikitin ka gaya musu a rubuta cewa tana buƙatar keken guragu, aƙalla kwana biyu kafin tashi, ka kuma tambaya yadda za a hau da ita, domin a filayen nan biyu da matakala ake shiga jirgi daga ƙasa. Sannan wani ya tsaya da mota a Salak tun kafin jirgin ya sauka.